Yadda Ake Auna Dacewar Dazuzzukan Karkara da Shaƙatawa Kafin a Tsara Amfani da Ƙasa

Duk lokacin da aka zauna tsara yadda za a yi amfani da ƙasar wani yanki, kowane fanni yakan zo da lissafinsa a hannu. Masu noma sun san yawan amfanin da hekta guda ke bayarwa, masu katako sun san adadin itatuwan da suka isa sara, masu gina hanyoyi da gidaje kuma suna da zanensu da kasafinsu. Shaƙatawa ce kaɗai takan zo hannu rabbana, domin abin da mutum ke samu idan ya yi tafiyar awa biyu a inuwar kurmi, ko ya wuni a bakin rafi da iyalinsa, ba ya hawa sikeli. A ƙarshe sai a bar mata abin da sauran suka rage, wanda sau da yawa wuri ne da babu mai iya zuwa, ko kuma wurin da ba zai jure zuwan mutane ba. Tun a 1960 Amurka ta yi dokar da ta jera shaƙatawa a sahu ɗaya da katako da kiwo da kare ruwa da namun daji a cikin dazuzzukan gwamnati, amma doka irin wannan ba ta aiki da kanta sai mai tsara ƙasa ya iya nuna a kan taswira inda darajar take da kuma dalilinta.

Aikin ya rataya ne a kan tambayoyi uku: me ke jan mutane zuwa wurin, wa zai iya isa gare shi, kuma zuwan mutane nawa ne ƙasar da halittunta za su iya ɗauka. A ganina babban kuskuren da ake yi shi ne a narkar da amsoshin ukun a cikin lamba guda tun da wuri. Ya kamata kowace tambaya ta samu taswirarta, a riƙe su daban har kusan ƙarshen aiki.

Kafin a buɗe taswira

Da farko a rubuta a fili irin shaƙatawar da ake nufi da mutanen da ake yi wa aikin. Mai kallon tsuntsaye yana neman shiru da asuba, mai keke yana neman doguwar turba mai hawa da sauka, iyali mai yara ƙanana suna neman fili mai inuwa kusa da inda mota ta tsaya, dattijo kuma yana son hanya shimfiɗaɗɗiya da wurin zama. Wurin da ya yi wa ɗaya daidai yana iya zama marar amfani ga ɗayan, wani lokaci ma sukan hana juna sakewa. Saboda haka a zaɓi ayyuka kaɗan waɗanda suka dace da yankin, a auna kowanne da ma'auninsa.

Iyakar yankin da za a auna kuma kada ta tsaya a inda itatuwa suka ƙare. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana kiran fili daji idan ya wuce rabin hekta, itatuwansa sun wuce mita 5, rassansu kuma sun rufe fiye da kashi 10 cikin 100 na ƙasar. Wannan ma'ana tana da amfani wajen ƙidaya, sai dai mai yawo ba ya ganin duniya haka. Gonakin da ke gefe, makiyaya, ƙauyuka, tafkuna da tuddan da ake hangowa daga nesa duk suna cikin abin da ya zo gani. A ja iyakar ta haɗa da su, ta kuma haɗa da garuruwan da masu zuwa za su fito.

Kayan aikin yanzu ba su da wuyar samu. Hotunan taurarin ɗan'adam na Sentinel-2, waɗanda aka fara harbawa a 2015, suna nuna ƙasa a gida-gida masu mita 10 ta kowace fuska, kuma kyauta ne. Hotunan taurarin Landsat na Amurka sun faro daga 1972, an buɗe su ga kowa a 2008, suna taimakawa wajen ganin yadda dajin ya canza a tsawon shekaru. Bayanan tsayin ƙasa na SRTM, waɗanda aka tattara a 2000, suna ba da tudu da kwari a tazarar kusan mita 30. Ana ɗauko hanyoyi daga OpenStreetMap, taswirar duniya ta kyauta da ke intanet, a haɗa komai a manhajar taswira ta QGIS. Daga nan a yanka yankin gida-gida: kilomita ɗaya ta kowace fuska idan yankin babba ne, ƙasa da haka idan ƙaramin gandun daji ne. Idan gidajen suka yi girma, ƙaramar ƙorama ko dutse mai kyakkyawan hange zai ɓace a cikinsu.

Abin da ke jan mutane

Mutane da yawa suna ɗauka cewa gwargwadon kaurin daji gwargwadon darajarsa ga mai shaƙatawa, alhali abin da aka gani a aikace ya saɓa da haka. A 1967 wani masani Bajamushe, Hans Kiemstedt, ya fito da hanyar auna ƙasa don shaƙatawa wadda ta dogara a kan bambance-bambancen da ke cikinta. Ya ƙirga tsawon bakin daji da tsawon bakin ruwa a kowace murabba'in kilomita, ya ba bakin ruwa nauyi fiye da bakin daji, sannan ya ƙara da tazarar da ke tsakanin wuri mafi tsayi da mafi ƙasa, da irin amfanin da ake yi da filayen, da yanayin sama. Hanyar ta tsufa, kuma an soke ta da cewa ta mayar da kyawun wuri lissafi, amma abin da ta gano yana nan daram: mutane suna taruwa ne a inda abu biyu suka haɗu, wato inda daji ya buɗe ya zama fili, ko inda ƙasa ta sadu da ruwa.

Don haka a kowane gida na taswira a auna tsawon bakin daji, da nisa zuwa ruwa mafi kusa, da yawan nau'o'in fili, da hawa da saukar ƙasa. Game da ruwa, a bambanta wanda ke gudana duk shekara da wanda ke ƙafewa, a kuma bambanta wanda za a iya shiga da wanda sai dai a kalla, domin tafkin da gurɓataccen ruwa ke kwarara cikinsa yana fitowa a hoton sama daidai da mai tsabta. Manhajar taswira tana iya lissafa abin da ido zai hango daga kowane tudu, kuma wannan yana da muhimmanci ta fuska biyu: yana nuna inda ya kamata a yi wurin tsayawa, yana kuma nuna gangaren da idan aka sare shi ko aka fasa dutsensa, kowa zai gani daga nesa.

Cikin dajin kansa ba ya aunuwa daga sama, dole a shiga da ƙafa. Binciken da ake yi tun shekarun 1970, inda ake nuna wa mutane hotunan daji su ba su maki, ya yi ta maimaita abu ɗaya a Turai da Arewacin Amurka: an fi son manyan tsofaffin itatuwa, da dajin da ido ke iya ratsa shi, da gaurayen nau'o'in itace, ba a kuma son tarin rassan da masu sara suka bari ko filin da aka aske ƙwal. Wannan sakamako jagora ne kawai, kuma bai kamata a ɗauke shi a ɗora wa kowace al'umma ba. Hanyar ita ce abin koyi: a ɗauki hotuna daga tsayin idon mutum, a lokaci iri ɗaya na yini, a nuna wa mazauna yankin da baƙi, a ga inda ra'ayinsu ya haɗu da inda ya rabu. Akwai kuma wani abu da ya kamata mai aikin ya sani, shi ne cewa abin da ido ke so ba lallai ne ya zama abin da daji ke buƙata ba. Ruɓaɓɓen kututture da busasshen itace a tsaye suna samun maki kaɗan a wurin masu kallo, alhali gidaje ne na ƙwari da tsuntsaye masu yawa. Idan aka bi son ido kaɗai aka share su, an rage tsuntsayen da wasu suka zo gani.

A rubuta wuraren tarihi da kufai da kogo da magangarar ruwa da itatuwan da suka shahara, kowanne a matsayin ɗigo a taswira. A rubuta abubuwan da ke kore mutane su ma: ƙarar babbar hanya, warin juji, manyan turakun lantarki. Sannan a maimaita ziyarar a lokuta daban-daban na shekara, tunda dajin da ke da duhun inuwa a wani wata yana iya zubar da ganyensa gaba ɗaya a wani.

Wa zai iya zuwa

Yawancin ziyarar daji gajera ce, kuma daga kusa ake zuwa. Ƙaramin kurmi a gefen gari yana iya karɓar mutane a mako guda fiye da yadda ƙasaitaccen daji mai nisa ke karɓa a shekara, don haka duk awon da ya manta da nisa zai raina wuraren da aka fi amfana da su. A Birtaniya ƙungiyar kare dazuzzuka ta Woodland Trust ta tsayar da ma'auni cewa kowane mutum ya samu dajin da zai iya shiga mai aƙalla hekta 2 a cikin mita 500 daga gidansa, da wani mai aƙalla hekta 20 a cikin kilomita 4. Ba dole ne a ari waɗannan lambobi ba, amma suna nuna yadda ake mai da kusanci abin da za a iya aunawa. A lissafa nisan da lokacin tafiya a kan hanyar gaske, da ƙafa ko da abin hawan da mutanen ke da shi, a kuma lura da kogin da babu gada ko hanyar da ruwa ke yankewa.

Bayan nisa akwai izini. A Jamus dokar gandun daji ta 1975 ta ba kowa damar shiga daji don shaƙatawa ko da na wani ne, Sikotilan ta yi doka mai faɗi irin wannan a 2003, a Suwidin kuma 'yancin yawo a ƙasa tsohuwar ƙa'ida ce. A wasu ƙasashe shiga filin wani ba da izininsa ba laifi ne. Dajin da ke da kyau, yana kusa, amma doka ko shinge ya rufe shi, darajarsa tana nan a ajiye, kuma ya kamata taswira ta nuna shi da launi dabam, domin mai tsara ƙasa ya san cewa abin da ake buƙata a can sulhu ne da mai filin.

Kada kuma a ɗauka cewa nisa kullum aibi ne. Hukumar gandun daji ta Amurka ta fito da wani tsari a ƙarshen shekarun 1970 wanda ya raba ƙasa aji shida, daga ƙungurmin daji wanda ya nisanci kowace hanya da aƙalla mil 3, zuwa wuraren shaƙatawa na cikin birni. Hikimar tsarin ita ce babu ajin da ya fi wani, kowanne yana biyan buƙatar wasu mutane, kuma yanki mai kyakkyawan tsari shi ne wanda ya tanadi nau'o'i da yawa. Na ƙara da cewa ajin shiru da kaɗaici shi ne mafi saurin ɓacewa, domin hanyar mota guda ɗaya ta isa ta kawar da shi, kuma da wuya a ga an toshe hanya bayan an gina ta.

Abin da wurin zai iya ɗauka

Wannan ita ce taswirar da aka fi tsallakewa, kuma ita ce ke raba shiri mai ɗorewa da wanda zai cinye abin da ya dogara a kai. A fara da ƙasa: gangare, irin turɓaya, da yadda ruwa ke zama. Ƙasa mai danshi da laka tana daskarewa idan aka yi ta taka ta, ruwa ya daina shiga, saiwoyi su fito waje. Yashi a kan gangare kuma yana zubewa. Masu gina turba suna da ƙa'idar da ta cancanci a riƙe: matsakaicin hawan turba kada ya wuce kusan kashi 10 cikin 100, wato hawan mita 10 a kowace tafiyar mita 100, kuma kada ya wuce rabin gangaren tudun da take ratsawa, in ba haka ba ruwan sama zai bi ta ya mai da ita kwazazzabo.

Akwai wani abu da binciken tattake ciyayi ya tabbatar wanda ke canza yadda ake tunani. Mafi yawan ɓarnar tana faruwa ne da zuwan mutanen farko. Bayan ciyawa ta mutu ƙasa ta daskare, ƙarin mutane ba ya ƙara ɓarna sosai, farfaɗowa kuma tana ɗaukar shekaru. Ma'anar wannan ga mai tsara ƙasa ita ce, a wuraren da jama'a ke yawan zuwa, gara a tattara su a kan turba da sansani kaɗan masu ƙwari, da a watsa su ko'ina da niyyar rage nauyi.

Sai halittu. A gano wuraren sheƙa da haihuwa, mashayar dabbobi, da hanyoyin da suke bi tsakanin wani daji da wani, a kuma rubuta watannin da suka fi rauni. A Ruwanda da Yuganda, mutum takwas ne kawai ake bari su ziyarci iyalin goggon biri na kan dutse a rana, na tsawon awa ɗaya, saboda dabbobin suna kamuwa da cututtukan mutane. Ba kowane daji ne ke da irin wannan halitta ba, amma kusan kowanne yana da ɓangaren da ya kamata a rufe na wani lokaci. Haɗarin da ke kan mutane ma ya shiga wannan taswira: gobarar daji, ambaliyar da ke zuwa ba zato a cikin kwari, zaftarewar ƙasa, kaska da ƙudan tsando, da nisan wurin daga asibiti.

An daɗe ana neman lamba guda da za a ce ita ce adadin mutanen da wuri zai ɗauka, aka ga ba ta samuwa, domin mutum goma masu sara da kunna wuta sun fi ɗari masu bin turba ɓarna. Shi ya sa a 1985 masanan hukumar gandun daji ta Amurka suka juya tambayar zuwa wane irin canji ne za a yarda da shi, kuma daga ina ne za a ce ya isa. Ana zaɓen alamomi masu sauƙin aunawa, kamar faɗin turba, faɗin ƙasar da ta zama tsirara a sansani, ko yawan ƙungiyoyin da mai tafiya ke haɗuwa da su a yini, a sa wa kowace iyaka, a kuma rubuta tun yanzu matakin da za a ɗauka idan an ƙetare ta.

Masu dajin

Dajin karkara da wuya ya zama fanko. Akwai masu kiwo, masu ɗibar itacen girki da zuma da magani, mafarauta, da wuraren ibada ko maƙabartu waɗanda ba sa cikin kowace takardar hukuma. A zauna da su a shimfiɗa babban hoton yankin, su nuna da hannunsu inda suke amfani da shi, da lokacin, da inda ba sa son baƙo ya taka. A yi zama dabam da mata da matasa, domin wuraren da suke zuwa ba ɗaya ba ne da na dattawan da suka saba magana a taro. Ƙa'idojin mallakar ƙasa da daji waɗanda Kwamitin Samar da Abinci na Duniya ya amince da su a 2012 sun nemi a mutunta haƙƙin gargajiya ko da ba a rubuce yake ba. Shirin shaƙatawa da ya kori mai ɗibar itace don baƙo ya ji daɗin kallo ya yi zalunci, kuma ba zai samu masu tsaron da yake buƙata ba.

Haɗa taswirorin

Ɗora taswira a kan taswira tsohuwar dabara ce, wadda masanin tsara ƙasa Ian McHarg ya yaɗa a 1969 da takardu masu nuna abin da ke ƙarƙashinsu, kwamfuta ta sauƙaƙa ta kawai. Matakin farko shi ne cirewa: duk gidan da doka ta hana, ko haɗarinsa ya yi yawa, ko halittunsa ba za su jure ba, ko al'umma ta ce a bar mata, a fitar da shi kafin a fara tara maki. Dalilin a bayyane yake idan aka ɗauki misali. A ce wani gida ya samu maki 5 a kyau, 5 a kusanci, 1 a juriya, wani kuma ya samu 4 da 3 da 4. Jimillar kowanne 11 ce, amma na farko wuri ne da jama'a za su kwarara su lalata shi cikin ƙanƙanin lokaci, na biyu kuwa shi ne inda ya kamata a zuba kuɗi. Jimilla ta ɓoye ainihin abin da mai yanke hukunci ke buƙatar sani.

A cikin kowace taswira ɗaya ana iya ba ma'aunai nauyi daban-daban. Hanyar da masanin lissafi Thomas Saaty ya tsara a shekarun 1970, inda ake gwada ma'aunai biyu-biyu a kan sikeli daga 1 zuwa 9, tana taimakawa wajen fito da ra'ayin mutane fili. Sai dai a tuna cewa nauyin ra'ayi ne, don haka a rubuta wanda ya ba da shi, sannan a gwada canza shi kaɗan a ga abin da zai faru. Wurin da ya ci gaba da fitowa a sama duk yadda aka juya nauyin, a amince da shi. Wanda ke hawa da sauka yana buƙatar ƙarin dubawa. Bayan haka a koma fili, a ziyarci wasu gidajen da suka samu maki mai yawa da wasu da suka samu kaɗan, a ƙirga mutanen da ke mashiga a ranar aiki da ranar hutu. Idan taswira ta raina wurin da jama'a ke cika, akwai ma'aunin da aka manta, kuma mutanen da ke zaune a wurin za su faɗe shi idan aka tambaye su.

Wani lokaci majalisar da za ta amince da tsarin takan nemi a faɗi darajar da kuɗi. Akwai hanyar da masanin tattalin arziki Harold Hotelling ya ba da shawararta a 1947, wadda ke kimanta darajar wuri daga abin da mutane ke kashewa na kuɗi da lokaci don su je. Tana da amfani a gaban masu kasafi, amma tana rage darajar dajin da talakawa ke shiga da ƙafa daga bayan gidajensu, don haka kada ta zama ita kaɗai ce hujja.

Abin da zai shiga kundin tsarin ƙasa shi ne shiyyoyi masu ƙa'ida a rubuce. Inda kyau da kusanci da juriya suka haɗu, a ware shi don jama'a da yawa, da wurin ajiye mota da makewayi da turba mai ƙwari. Inda akwai kyau da kusanci amma juriya ta yi ƙasa, a tura mashiga nesa da shi, a taƙaita lokaci ko adadi. Inda akwai kyau da juriya amma babu hanya, a yanke shawara da gangan ko za a buɗe shi ko za a bar shi a matsayin shiyyar shiru, a kuma hana sabuwar hanyar mota idan an zaɓi na biyu. A shiyyoyin katako da noma a rubuta sharuɗɗan da za su kare abin da aka gano, kamar barin itatuwa a gefen rafi da turba, da kauce wa sara a gangaren da ake hangowa. Kowace shiyya ta zo da alamominta, da sunan ofishin da zai auna su, da shekarar da za a sake duba taswirorin uku, tunda sabuwar hanya ko gobara ko faɗaɗar gari na iya canza ɗaya daga cikinsu ba tare da ta taɓa sauran ba.